Firiji da Gyaransa a Gida

Jawabin da aka yi wa magidanta 'yan ajin manya a Tudun Jukun, Zariya

 

Yau zancenmu a kan firiji ne, akwatin sanyin nan da ya shigo gidajenmu ya zauna kamar ɗan gida. Kai da ka ke karanta wannan, wata ƙila kana da shi a ɗaki, ko kuwa kana tara kuɗin sayensa. Ko wanne ne dai, ka kasa kunne, domin maganar ta shafi aljihunka, ta shafi cinikin iyalinka, wani lokaci ma ta shafi ranka.

Dubi unguwarmu ta Tudun Jukun in bazara ta yi, cikin watan Maris da na Afrilu, sa'ad da rana ke dukan kwano har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Gida nawa ne a ke sayar da ƙanƙara, da zoɓo, da kunun aya, da ruwan leda mai sanyi? Da wannan akwati matanmu su ke neman na kansu daga cikin gida. Da ribarsa a ke zubin adashi, a sayi sabulu da littattafan yara, a tara wa 'ya mace kayan ɗaki. Wani gidan kuma akwai dattijo mai ciwon sukari, allurarsa tana ajiye a ciki. Ran da firiji ya tsaya, zoɓo ya yi tsami, nama ya yi wari, jari ya karye, mai gida ya rasa barci.

In haka ta faru, mutane iri biyu su kan yi kuskure. Na fari shi ne mai tsoro. Ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ya ɗauko mai gyara, abin da aka gaya masa duka ya yarda, abin da aka nema ya biya. Na biyu shi ne mai karambani, irin na akuya mai gai da kura. Shi kam da wuƙa da guduma ya ke fara aiki, kafin a jima ya mai da ƙaramin ciwo babba. Nufina yau in nuna maka hanyar da ke tsakanin waɗannan biyu, ka san abin da hannunka zai iya, ka kuma san inda ya kamata ya tsaya.

DAGA RANDA ZUWA FIRIJI

Ba a gyara abin da ba a san yadda ya ke aiki ba. To, bari mu fara da abin da kowa ya sani, watau randa. Me ya sa ruwan randa ya ke da sanyi? Jikinta na ƙasa ne, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsa kaɗan kaɗan. Iska ta buso ta busar da wannan danshi, shi kuwa in zai tashi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Haka gumi ya ke sanyaya jikinka. Da wannan dabara wani malamin makaranta na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye tumatir da yalo a ƙauyukan da ba lantarki. Har an ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan cikin shekarar 2000.

Firiji ma haka ya ke yi, sai dai shi ba ruwa ya ke busarwa ba. Akwai wani abu cikin bututunsa da mu ke kira gas, wanda ke tafasa ko a cikin tsananin sanyi. Ga hanyar da ya ke bi.

In ka leƙa bayan firiji daga ƙasa, ka ga wani baƙin abu kamar tulu. Wannan shi ne inji, masu gyara suna kiransa kwamfuresa. Aikinsa ya matsa gas, ya tura shi. Gas in an matsa shi sai ya yi zafi. Daga nan ya bi baƙin bututun nan mai kama da raga da ke bayan firiji, ya zubar da zafinsa cikin iskar ɗaki, ya koma ruwa. A waɗansu firijin an ɓoye wannan bututu cikin bangon gefe, shi ya sa ka kan ji gefensu da ɗumi, ba ciwo ba ne. Sa'an nan ruwan ya kutsa ta wani siririn bututu mai rami kamar na allura, ya fito cikin farantin nan na ciki inda ƙanƙara ke taruwa. Can ya ke samun sarari ya tafasa, ya kwashe zafin abincinka, ya sake zama gas, ya koma wurin inji. Haka ya ke ta kewayawa dare da rana.

Lura da wannan da kyau. Gas ba kananzir ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Hanyarsa a rufe ta ke ruf. In ka ji an ce gas ya ƙare, to, lalle akwai huda a wani wuri.

Ban da waɗannan manya, akwai ƙananan barori masu yi musu hidima. Akwai fis a cikin fulogi. Akwai rile, mai taimakon inji ya tashi. Akwai obalod, mai yanke wuta in inji ya yi zafi. Akwai tamostat, mai auna sanyi, ya kunna inji ya kashe. Akwai robar ƙofa, mai tsare sanyi kada ya fita. Sau da yawa ciwon firiji daga waɗannan ƙanana ya ke, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da na inji. Ga doka guda ka riƙe: abin da ke wajen bututu naka ne, abin da ke cikin bututu na mai gyara ne.

KARATUNKA SHI NE KAYAN AIKINKA NA FARI

Ba nisa da inda mu ke zaune ga ginin Gaskiya, kamfanin da aka kafa cikin 1945 don buga littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin 1939. Abin da aka nufa da wannan aiki shi ne talaka ya karanta da idonsa, kada kullum ya zauna sai abin da aka gaya masa. To, ga wurin da karatunka zai biya ka.

Ko wane firiji yana da wata 'yar takarda manne a bayansa, ko a bangon ciki kusa da akwatin ganye. Ita ce takardar shaidarsa. Samu fitila ka duba ta. Za ka ga sunan kamfanin da ya ƙera shi, da lambar irinsa. Za ka ga an rubuta 220-240 V, watau ƙarfin wutar da ya ke so, ya yi daidai da ta ƙasarmu, wadda a ka'ida 230 ce. Za ka ga harafin R da lamba a gabansa, ko R600a, ko R134a, ko R12 in tsoho ne ƙwarai. Wannan shi ne sunan gas ɗinsa. Kusa da shi an rubuta nauyin gas ɗin da giram. A jikin inji ma akwai wata takardar da tata lamba.

Kwafe waɗannan duka cikin littafinka, baƙi da baƙi, lamba da lamba. Mutumin da ya shiga kasuwa da lamba a rubuce, ba a sayar masa da abin da bai zo nema ba.

KAFIN KA TAƁA KOME

Kayan aikin da ka ke bukata kaɗan ne: sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya, da fitila, da tsumma, da burushi mai laushi, da fensir da takarda. Amma kafin ka ɗauki ko ɗaya, ga sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, zare fulogi daga bango, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Na biyu, hannunka ya zama busasshe, ƙasa busasshiya, ka sa takalmin roba.

Na uku, kafin ka cire ko wace waya, zana hotonta a takarda, ka rubuta launinta da inda ta shiga. In kana da waya mai ɗaukar hoto, ɗauki hoton wurin.

Na huɗu, in ka ga wani abu kamar ƙaramin gwangwani da wayoyi biyu kusa da inji, kafasito ke nan. Ya kan riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare fulogi. Kada ka taɓa bakinsa da yatsa.

CIWO DA MAGANINSA

1. Firiji ya yi shiru, fitilar ciki ma ba ta kama ba. Kada ka zargi firiji tukuna. Jona rediyo ko fanka a soket ɗin, ka ga ko da wuta. In akwai, bi wayar firijin da ido tun daga fulogi har jikinsa, ko ɓera ya ci ta. In lafiya ta ke, buɗe fulogi ka sake fis. Fis ɗin irin wannan fulogi mai ƙafa uku an rubuta lambarsa a jikinsa, mafi yawa 13 A. Sa irinsa daidai. Kada ka naɗe shi da takardar sigari ko guntun waya, domin fis mai gadi ne, ya kan mutu don gida ya tsira. In sabon ma ya ƙone nan take, tsaya nan, akwai babban ciwo a ciki.

In fulogin ne ya ƙone za ka sake shi, ga yadda wayoyin su ke. Mai launin ƙasa tana zuwa ƙafar da ke da fis. Shuɗiya tana zuwa ɗaya ƙafar. Mai kore da rawaya tana zuwa babbar ƙafa ta sama, ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa don kada ta bi ta jikin mutum. Al'adar nan ta cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, ka raba gidanka da ita. In kuwa firiji yana jan mai taɓa shi, zare shi nan da nan, kada a sake jona shi sai mai aikin lantarki ya duba.

2. Fitila tana kamawa, inji ya yi gurnani kaɗan, sa'an nan ka ji "ƙas", ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Wannan ƙarar ta obalod ce, yana ceton inji. Abu uku ke kawo haka. Ko wuta ba ta da ƙarfi, ko rile ya ƙone, ko injin ne kansa ya cije. Fara da mai sauƙi. Dubi ƙwan ɗakinka, in ya yi ja kamar garwashi, wutar ce, sai ka zare firiji ka jira ta cika. In wuta lafiya ta ke, zare fulogi, ka cire baƙin murfin roba da ke gefen inji. Za ka ga ƙafafu uku sun fito daga jikin injin, rile da obalod suna soke a kansu. Zana hotonsu, ka zare rile a hankali, ka sansana, ka girgiza shi kusa da kunnenka. Irin rilen da ke cikin yawancin firijin yanzu, in ya yi ƙauri ko ya yi ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, ya ƙone. Sayo irinsa, ka mayar yadda ka tarar. In ka sa sabo amma "ƙas" ba ta daina ba, zare fulogi, kada ka matsa masa, aikin ya wuce naka. Firijin zamani kuwa da aka rubuta wa Inverter ba su da irin wannan rile, allon lantarki ke tashe su. Su kam kada ka buɗe.

3. Inji yana ta aiki ba hutu, sanyi kuwa kaɗan. Dubi abu biyu. Na fari bututun baya. Ƙurar hunturu ta kan lulluɓe shi kamar bargo, zafi ya rasa hanyar fita. Zare fulogi ka share shi da burushi mai laushi, ka kuma janye firijin daga bango kamar faɗin tafin hannu. Na biyu robar ƙofa. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, sa'an nan ka ja. In ta zaro ba wuya, robar ba ta kamawa a wurin. Gwada haka a ko wane gefe. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, domin sau da yawa dattin zoɓo da sukari ne ya bushe a kanta. In ta tsage ko ta ƙandare, auna tsawonta da faɗinta, ka rubuta, ka sayo sabuwa. Jiƙa sabuwar cikin ruwan ɗumi ta yi laushi kafin ka sa, ka fara daga kusurwoyi. Waɗansu danna su a ke yi cikin rami, waɗansu da ƙusa a ke ɗaure su, dubi yadda tsohuwar ta ke ka bi.

4. Ƙanƙara ta cika farantin ciki. Waɗansu suna murna da wannan, suna tsammani alamar lafiya ce. A'a. Ƙanƙara mai kauri tana tsare sanyi, ta hana shi isa ga abinci, inji ya yi ta wahala a banza. In ta kai kaurin ɗan yatsa, zare fulogi, kwashe kaya, sa kwanon ruwan zafi a ciki, ka bar ta ta narke don kanta.

Na san wani magidanci da bai yi wannan haƙuri ba. Ana jibi azumi, matarsa ta sayi leda da sukari da zoɓo da duk jarinta. Ya ga ƙanƙara ta hana leda shiga, ya ɗauko wuƙar yankan albasa ya shiga sara. Sara na uku sai ya ji "fuuu", kamar maciji. Ya huda farantin, gas ya fice. Aikin da kwanon ruwan zafi zai yi cikin sa'a guda ya cinye masa kuɗin buhun masara, azumi kuwa ya raba tsakiya kafin a sayar da leda ɗaya a gidan. Farantin nan na sanholo ne marar kauri, gas yana bi ta cikinsa. Kada ƙarfe mai tsini ya kusance shi har abada.

5. Ruwa yana taruwa a ƙasan firiji daga ciki. A bangon baya akwai wata 'yar kafa da ruwa ke bi ya sauka cikin faranti a kan inji, zafin inji ya busar da shi. Ɓawon albasa ko ƙwayar shinkafa ta kan toshe ta. Zura tsinken tsintsiya mai laushi, ka bi da ruwan ɗumi, shi ke nan.

6. Kome ya daskare har ƙwai da tumatir, ko kuwa fitila tana kamawa amma inji bai ko yi gurnani ba. Nan a kan zargi tamostat. Dubi abin murɗawar nan mai lambobi tukuna, ko yaro ya yi wasa da shi. Babbar lamba ita ce sanyi mai yawa, a kan sifiri kuwa inji ba ya tashi. Mai da shi tsakiya ka jira yini guda. Sanyin da a ke so a wurin abinci kada ya wuce digiri 5, a wurin daskarewa kuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Allurar ciwon sukari tana son tsakanin digiri 2 da 8, in ta daskare ta lalace, sabo da haka kada a ajiye ta jikin farantin ƙanƙara. In murɗawa ba ta yi magani ba, mai natsuwa yana iya sake tamostat da kansa. Sai dai yana da wata doguwar wutsiya siririya ta ƙarfe, wadda in ta karye ko ta lanƙwashe sosai ya tashi daga aiki. In ka san hannunka yana rawa, bar wa mai gyara.

SAYEN KAYAN GYARA

In ka haye Kubanni ka shiga Sabon Gari, ka sami masu sayar da waɗannan kaya. Abin da ba a samu nan ba a kan aika Kaduna ko Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas. Kayan kuwa iri uku ne. Akwai sabo na asali, akwai sabo na jabu, akwai na hannu da aka ciro daga matattun firiji. Na hannu mai kyau ya kan fi sabon jabu, amma a gaya maka gaskiyar ko wanne ne, ka biya kuɗin da ya dace da shi.

Tafi da tsohon abin a aljihunka, da littafinka a hannu. Ɗora tsoho kusa da sabo, ka ƙirga ƙafafunsu, ka karanta lambobinsu da kanka. In mai kanti ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Alhaji," ka ce masa, "Madalla, amma mai wannan lamba na ke so." Obalod da ya fi ƙarfin injinka ba zai yanke wuta ba sai inji ya ƙone. Tamostat na firijin daskarewa dabam ya ke da na firijin abinci. Ƙwan fitila ma ka sayi mai lambar da ke jikin tsohon. Ka nemi rasit, ka kuma yi sharaɗi cewa in bai yi ba za ka mayar. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar nagarta ba. Shaida ita ce lamba.

INDA HANNUNKA ZAI TSAYA

In inji yana aiki, bututun baya bai yi ɗumi ba, ciki kuma ba sanyi, ko ka ga maiƙo a mahaɗin bututu, to, magana ta shiga cikin bututu. Yanka bututu, da liƙe shi da wuta, da ɗura gas, da sake inji, duka aikin wanda ya koyi sana'ar ne, ya kuma mallaki kayanta. Haka nan firijin da ba ya tara ƙanƙara, mai fanka a ciki, in ya ƙi sanyi.

Ga dalilin da ya sa na tsananta. Firijin farko da iskar guba su ke aiki, irin su amoniya. Wajen 1930 aka fito da Freon a Amurka, wanda R12 ke cikin danginsa, ba ya kama wuta. Daga baya masana suka gane yana cin wata rumfar iska da ke can sama, mai suna ozon, wadda ke tare mana mugun hasken rana. Sai ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada cikin 1987 a bar shi, aka ba ƙasashe irin tamu wa'adi zuwa 2010. Aka koma R134a, sa'an nan R600a, wanda ke cikin yawancin sababbin firijin gida yanzu. Shi R600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. In ka huda bututu, ko ka ji yana fita, buɗe ƙofa da taga, kashe risho da murhu, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara har iska ta wanke ɗakin.

In ka kira mai gyara, ka girmama shi, domin shekaru ya yi yana koyon abin da ya sani. Amma ka yi masa tambayar mai ilimi. In ya ce gas ya ƙare, ka ce, "Malam, ta ina ya fita?" Mai gaskiya zai shafa kumfar sabulu ya nuna maka hudar, ya liƙe ta, ya sake 'yar matatar da ke bakin siririn bututu, ya zuƙe iskar da ta shiga, sa'an nan ya ɗura gas. Wanda ya ɗura bai liƙe ba, ruwa ya zuba cikin kwando, bayan wata guda ka sake ganinsa. Nuna masa littafinka, ya sa irin gas ɗin da aka rubuta, da nauyin da aka rubuta. Ku yi ciniki kafin aiki, ya ba ka tsohon abin da ya cire, kai kuma ka biya shi hakkinsa ba ja-in-ja. In kuwa firijin tsohon gwanjo ne mai R12, injinsa kuma ya mutu, yi lissafi tukuna. Sau da yawa kuɗin gyara da wutar da zai ci sun fi amfaninsa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

An kafa NEPA cikin 1972, sunan ya kau cikin 2005, amma har yau yara "Nepa" su ke kira in wuta ta dawo. To, ihun nan nasu ya zama maka tuni. In an ɗauke wuta, zare firiji. In ta dawo, jira minti 5 kafin ka jona, domin inji ba ya iya tashi nan take bayan ya tsaya, wutar farko kuma ta kan zo da hauka. Akwai ɗan akwatin tsaro da a ke sayarwa mai yin wannan jira don kansa, akwai kuma sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Kuɗinsu bai kai na inji ba. Kada ka ɗora firiji a kan ƙaramin janareta, domin lokacin tashi inji yana jan wuta ninki da yawa bisa abin da ya ke ci in ya kama tafiya.

In ba wuta, a bar buɗe ƙofa. Firiji a rufe ya kan riƙe sanyinsa kamar sa'a 4. Na daskarewa in cike ya ke ya kan kai kwana 2, in rabi ne kwana 1, zafin bazara kuwa ya kan rage wannan lissafi. Naman da ya narke ya yi ɗumi, kada a ce a sake daskarar da shi a ci. Kada a sa tuwo ko miya da zafinsu. Kada a girke firiji kusa da murhu ko inda rana ke bugu. In za ka yi ƙaura, ɗauke shi a tsaye. In dole ta sa aka kwantar da shi cikin mota, tsai da shi ya kwana kafin ka jona, don man inji ya koma mazauninsa.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi. Mataccen firiji da aka yar a zaure ko bayan ɗaki tarko ne. Yaro mai wasan ɓuya ya kan shiga, ƙofa ta rufe, iska ba ta shiga, kukansa ba ya fita. Yara da yawa sun mutu haka a Amurka, har aka kafa doka cikin 1956 cewa ƙofar firiji ta zama mai buɗuwa daga ciki. Namu na daskarewa kuwa murfinsu nauyi gare shi, mu kan kuma sa musu marataya ta kwaɗo. In ka yar da firiji, ko ka mai da shi rumbun hatsi, cire ƙofarsa ko ka kulle shi da kwaɗo, makulli a aljihunka.

To, jama'a, ga aikin da na ba ku. Yau da dare kowa ya ɗauki fitila ya nemi takardar nan ta jikin firijinsa, ko na maƙwabcinsa in shi ba shi da shi. Ya kwafe sunan kamfani, da lambar iri, da sunan gas, da nauyinsa. Ya gwada robar ƙofa da takarda, ya share ƙurar baya. Mako mai zuwa ku zo da littattafanku, mu karanta tare, mu ga wa ke da R600a, wa ke da R134a.

Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke nema, ya tsare mu da iyalanmu daga asara, amin. Haza wasalam.